Sabon ɗalibin UMYU, ga yadda za ka zaga Katsina da Daura kafin ka karɓi digiri

Assalamu alaikum ƙannena da kuka samu admishan a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah ya sanya albarka ya sa a gama lafiya. Abin da ya sa na zauna nake wannan dogon rubutu wata hira ce da muka yi da wani ƙanena ɗan ajin ƙarshe, shekara huɗu yana Katsina, na tambaye shi ko ya taɓa hawa tsohuwar hasumiyar Gobarau ya ce mani a'a shi dai a jikin kalanda yake ganinta, wallahi abin ya tsaya mani a rai kwana da kwanaki don na san ba shi kaɗai ba ne, da yawa daga hostal sai lakca sai wajen mai fotokwafi sai tasha ranar da aka ba da hutu, shi ke nan wai an zauna Katsina. To ga yadda na yi nawa zagayen lokacin ina ɗalibi, da ɗan kuɗin Napep da Asabar ɗin da ba tes, kuma kai ma ba abin da zai hana ka.

Ka fara da sanin gidan da ka shigo. A 2006 aka kafa jami'ar nan lokacin marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, sunanta na farko Jami'ar Jihar Katsina, aka fara karatu a 2007, sai a 2009 aka sa mata sunanshi. Shi kanshi malamin makaranta ne, kemistiri ya karanta a ABU Zariya kuma ya riƙe alli kafin ya shiga siyasa. Ita ma jihar ranar 23 ga Satumba 1987 aka cire ta daga tsohuwar jihar Kaduna, ƙananan hukumomi 34, masarautu biyu, Katsina da Daura. Ka ga ke nan in shekaru za a ƙirga jami'ar taku yarinya ce ɗanya, amma garin da take zaune a bakinshi kan hanyar Dutsin-ma ya haura shekara 500 ana yi mashi tattaki don neman ilimi, kuma wannan shi ne abin da nake so ka je ka gani da idonka.

Asabar ta farko, ka tashi da sassafe kafin rana ta buɗe, ka sa kaftani da hula, ke kuma ƙanwata hijabi ko mayafi mai kauri da takalmin da ba zai wahalar da ke ba don tafiyar ƙasa ce za a sha. Ku haɗu ku uku ko huɗu kada ku wuce haka, taron ɗalibai ashirin da hayaniya da selfi ba wanda zai zauna ya ba ku labari. Ku ce ma mai Napep ya sauke ku Ƙofar Soro. Nan ne bakin fada, Gidan Korau, ga filin Kangiwa a gabanku inda ake hawan salla. Ka tsaya nan ka tambayi kanka wane ne Korau ɗin da ake cewa Katsina ta Korau. Abin da bakin mutane ya riƙe shi ne Muhammadu Korau ya kayar da Sanau, sarki na ƙarshe a gidan Durɓawa, a wajen kokawa, ya gama da shi da takobin nan Gajere, kuma shi ake lissafawa sarkin Katsina Musulmi na farko. Daga nan sarauta ta yi ta tafiya a hannun Haɓe har jihadi ya zo Malam Ummarun Dallaje ya karɓi garin wajen 1807, Dallazawa suka riƙe kusan shekara 100, sai a 1906 Turawa suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko, Basulluɓe, ya yi har 1944, sai Usman Nagogo har 1981, sai Muhammadu Kabir Usman har 2008, sai mai martaba Abdulmumini Kabir Usman. In ka riƙe wannan jerin a kanka duk hirar da za ka yi da dattijo za ta zauna maka, don tsofaffinmu ba da shekarar Bature suke ƙirge ba, ce maka za su yi zamanin Dikko ne ko farkon Nagogo.

Daga fada da ƙafa za ku taka zuwa Gobarau, ba nisa, duk yaron da kuka tambaya zai nuna maku. Kada ku faɗa wurin kai tsaye, ku yi sallama ku gaida mutanen da ke zaune a gindin wurin, ku nemi mai kula da ita, ku faɗi daga inda kuke, kuma ka riƙe ɗan abin da za ka ba shi na goro in za ku tafi. Hasumiyar ta kai kamar mita 15, ginin ƙasa ne da azara, matakalar ƙunci gare ta don haka ɗaya bayan ɗaya ake hawa. Mutanen gari suna danganta ta da zamanin Korau, masana tarihi kuma sun saɓa a kan ƙarnin da aka yi ginin da ke tsaye yanzu, to kai ka rubuta duka biyun kada ka yi gardama da kowa a gindin hasumiya. Abin da ba a saɓa ba shi ne masallaci ne kuma makaranta ce, wurin da malamai ke karantar da manyan littattafai, kuma Shehu Magili mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ya zo Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15 ya karantar. Ranar da na fara hawa na leƙo na hango rufin gidajen tsohon gari, na tuna jiya-jiya nake ƙorafin zafin lakca tiyata, ga mutane nan sun ƙetaro Sahara a kan raƙumi saboda karatu, jikina sai da ya yi sanyi.

In da sauran ƙarfi ku wuce unguwannin malamai. Masanawa sunan Wali Ɗan Masani take ɗauke da shi, malamin da aka haifa a 1595 ya rasu a 1667, asalin gidansu Barno. Ga Wali Ɗan Marina wanda ake ce ma Katsina tudu garin Ɗan Marna saboda shi, shi ma a ƙarni na 17 ya yi zamani, ga Wali Ɗan Takum da ya yi alƙalancin Katsina tun ƙarni na 16. Duk sun bar rubutu da Larabci. Kuma ga wani abu da ɗalibai da yawa ba su sani ba, a maƙabartar Ɗan Marna aka yi ma Malam Umaru makwanci bayan ya rasu ranar 5 ga Mayu 2010 yana shugaban ƙasa, wato wanda ya kafa makarantarku yana kwance a maƙabartar da ke amsa sunan malamin da ya karantar a garin shekara 300 da wani abu kafin shi. In kun je ku tuna maƙabarta ce, a yi ma mamata sallama da addu'a, a aje waya a aljihu.

Asabar ta biyu ta tsohuwar Kwalejin Katsina ce, wadda yanzu gidan tarihi ne na ƙasa. A 1921 aka kafa ta, Gwamna Kilifod ya buɗe ta a 1922 don horar da malamai, a 1938 aka maida ta Kaduna, daga baya Zariya inda ta zama Kwalejin Barewa. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim da Isa Kaita duk a ɗakunan ƙasan nan suka zauna. Ka shiga ajin ka duba kaurin bangon da yadda ɗakin ke da sanyi ba fanka ba esi, ka tambayi ma'aikatan su zaga da kai, aikinsu ne kuma suna jin daɗin ɗalibin da ya zo da biro da littafi. Ka tambaya kafin ka ɗauki hoto.

Sai ƙofofi. Waɗannan ba sai ka ware masu rana ba, duk sanda hanya ta bi da kai ka ɗan tsaya. Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Sauri, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Guga, Ƙofar 'Yanɗaka wadda ta nan Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shigo a 1903. Ka lura da sunayen, da yawansu sarautu ne, kuma sarautun nan suna nan da ransu a garuruwan da kuka fito. In kai ɗan Rimi ne Ƙaura hakiminku ne, in ɗan Mani ne Durɓi, in ɗan Dutsin-ma ne 'Yanɗaka, ɗan Malumfashi kuma Galadima, to ka ga ashe kana da ƙafa a cikin birnin tun kafin JAMB ta turo ka. Ganuwar kam sai dai haƙuri, ruwa ya ci wani wajen, wani wajen an ɗebi ƙasar an yi bulo, wani wajen an gina shaguna, abin yana ci mani rai ƙwarai, duk guntun da ka samu a tsaye ka ɗauke shi hoto ka rubuta kwanan wata da unguwar.

Daura kuma sai ka shirya mata yini guda. Ka fita tasha da safe ka hau motar da ke bi ta Mashi, kusan kilomita 80 ne, ka yi niyyar dawowa kafin magariba. Wannan maganar dawowa da wuri da gaske nake, kuma duk inda za ka a wajen birni ka fara tambayar direbobi da 'yan garin halin da hanya take ciki a wannan satin, ka gaya ma wani naka inda za ka, ba tarihin da ya kai ranka. In ka sauka ka nufi rijiyar Kusugu, an gine ta a cikin ɗaki, za a ba ka labarin Bayajidda da macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da Magajiya Daurama, da Bawo da Hausa bakwai, Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram, in ka nema za a jawo maka ruwan da guga ka sha. A aji za ka ji lakcara yana cewa wannan labari ne na asali da ke ɗauke da ma'anoni, ba a ɗaukar shi kalma da kalma, kuma yana da hujjojinshi, amma ka saurari Badauri yana ba da shi da bakinshi tukuna, ka ji abin da ya nanata da abin da ya tsallake. Ni abin da ya fi kama ni shi ne maganar cewa mata ne suka yi ta mulkin Daura kafin zuwan baƙon, har yau ga hawan Magajiya ana yi da salla. In za ka iya daidaita tafiyarka da Sallar Gani a watan Maulidi to ka gama dacewa. Wani abin tambaya a Daura, me ya sa gidan Haɓe ke sarauta a can alhali a Katsina Fulani ne, za a kai ka labarin yadda jihadi ya kore su suka zauna su Zango da Ɓaure har Turawa suka dawo da su, ka ga furojet guda ke nan a zaune.

Ta ɓangaren Mani akwai Durɓi ta Kusheyi, tuddan kaburburan sarakunan da, ita ma da rakiyar ɗan gari ake zuwa. Maraɗi kuma ta Jamhuriyar Nijar can Haɓen Katsina suka kafa sabon gari bayan jihadi, har gobe sarkinsu Sarkin Katsina ake ce mashi, Hausarsu da tamu uwa ɗaya uba ɗaya. In iyaka a buɗe take kuma takardunka sun cika, musamman ku 'yan sashen Faransanci, ku je ta Jibiya. In ba hali to a cikin kasuwar Katsina ma ba ka rasa Bamaraɗe da za ku yi hira.

Yanzu ga inda na fi so ka buɗe kunne, wato yadda ake zama da tsofaffi, don gini yana iya jiranka amma tsoho ba ya jira. Kada ka taɓa zuwa gidan dattijo kai kaɗai da takardar tambayoyi a hannu kamar ma'aikacin ƙidaya. Ka nemi wanda zai kai ka, jikanshi ko almajirinshi ko mai unguwa, zuwan farko gaisuwa ce kawai, ka cire takalmi ka durƙusa, in malami ne Allah gafarta Malam, in mai sarauta ne ranka ya daɗe, in tsohuwa ce Iya ko Inna ko Hajiya yadda ka ji 'yan gidan na kiranta, ka aje goro ko turare ko sabulu daidai ƙarfinka, ka faɗi sunan mahaifinka da garinku, sannan ka ce Baba karatu ne ya kawo mu, in an ba mu dama wata rana mu dawo a ƙara mana sani. Shi zai sa maka lokaci, galibi bayan la'asar ko da hantsi. Ranar da ka dawo ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, ka gaya mashi inda maganar za ta, in ya ce wannan kada a ɗauka to ka kashe a gabanshi ya gani. Kada ka fara da tambayar shekara nawa, ka fara da Baba a wace unguwa aka haife ku, wa ya koya maku sana'ar nan, daga nan zare zai yi ta warwara da kanshi. In ya saki hanya ya shiga labarin farin da aka yi ko tafiyarshi Makka ta ƙasa, ƙyale shi, sau da yawa abin da ka zo nema a can yake ɓoye. In ya faɗi abin da ya saɓa ma handawut ɗinka ka haɗiye, ba gyara ka zo yi ba, ka je ka tambayi mutum na biyu da na uku ka gwama.

Ka cika wayarka da caji ka ɗauki fawa banki, ka sa ta a yanayin jirgi don kira kada ya katse ɗaukar. Ni wannan ya taɓa cina, na zauna da wani tsohon marini kusan awa biyu yana yi mani bayanin yadda ake haɗa baba da toka a karofi, ashe tun minti na ashirin wayar ta mutu, na ce zan koma bayan jarrabawa, kafin in koma Allah ya yi mashi rasuwa. Har yau in na tuna sai na yi mashi addu'a, kuma tun daga ranar ko waya na ɗauka hannuna na rubutu. A daren da ka dawo ka tura sautin imel ɗinka ko ka aje a wuri biyu, ka rubuta sunan mai maganar da unguwa da kwanan wata.

Wajen kwafe maganar a takarda kuma don Allah kada ka gyara ma tsoho Hausarshi. In ya ce hwara ka rubuta hwara, in ya ce tahiya ko zamna ko ɗiya ko shina nan ka bar su yadda suka fito, in Badauriya ta ce rigal Audu kada ka maida mata rigar Audu. Katsinanci da Dauranci su ma kayan tarihi ne, kuma kullum waya da talabijin suna ƙara shafe su a bakin yara.

Ƙannena mata, ku kuna da ƙofar da mu maza ba mu da ita. Ku ke iya shiga cikin gida ku zauna a tabarma da tsofaffi mata, waƙoƙin daka da na niƙa da na reno, yadda ake kamun amarya da sa lalle da jere a da, yadda ake kaɗi da saƙa, magungunan jego, duk wannan yana bakin kakanninmu kuma kaɗan ne aka rubuta. Ki fara da kakarki ma in tana raye, hutun semista ɗaya ya isa ki cika littafi.

Kada wani ya ce ai ni ba tarihi ko Hausa nake karanta ba. Ɗan kemistiri ga rini ga jima da bagaruwa, je ka gano abin da ke faruwa a cikin karofi. Ɗan lissafi ka nemi labarin Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi rubutu a kan hatimin lissafi, irin murabba'in nan da in ka jera 1 zuwa 9 ta duk inda ka tara 15 za ka samu, ya je hajji ya zauna Masar ya rasu a Alƙahira a 1741. Ɗan kwamfuta akwai gidajen malamai da ke da takardun Larabci da ajami a cikin gafaka gara na ci, in sun yarda da kai ka ɗauke su hoto shafi-shafi a inuwa da hannu mai tsabta, ba filashi, kuma ko warƙa ɗaya kada ka fita da ita daga gidan. Ɗan jogirafi ga ganuwa ka bi sawunta ka zana taswira. Ɗan tattalin arziki ga tsohuwar hanyar fatake ta Agadas, ga kuma layin dogon da aka tsara daga Kano ya bi ta Daura da Katsina da Jibiya har Maraɗi, ka gwama su. Tun kana aji biyu ka fara tara kayanka, ranar da sufabaiza zai ce kawo taken furojet kai ka riga ka yi nisa, ba ruwanka da kwafo aikin wani daga intanet.

Na karatu kuma, ka shiga laburaren makaranta ka nemi aikin marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, a kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, Turancin da nauyi amma ka daure ko babi ɗaya a wata. Ka leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, ka karɓi takardar gabatarwa daga dipatmen ɗinku kafin ka je, tana buɗe ƙofa sosai. Wanda bincikenshi ya yi zurfi sai ya dangana da Kaduna, Gidan Arewa da ma'ajiyar tsofaffin takardu ta ƙasa.

In ka gama rubutun, ka buga kwafi ɗaya daban ka sa a yi mashi bango, ka wanke hoton da kuka ɗauka tare, ka koma gidan dattijon nan da goronka ka miƙa mashi da hannu biyu, ka buɗe shafin da sunanshi yake ka karanta mashi da Hausa. In ka tarar ya riga mu gidan gaskiya ka yi ta'aziyya ka ba babban ɗanshi, ka tura ma jikokin sautin muryarshi ta WhatsApp.